TARIHIN ƘARAMAR FELODA BOBCAT, DA YADDA AKE TAYAR DA WADDA TA DAƊE A KWANCE



Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhajoji a gefe, mu taɓa fasahar ƙarfe da baƙin mai. Idan kana wucewa ta wuraren gine-gine, ko gidan bulo, ko babbar gonar kaji, wataƙila ka taɓa ganin wata 'yar ƙaramar katafila mai taya huɗu, da bokiti a gaba, direba yana zaune cikin keji, tana juyi a wuri ɗaya kamar katantanwar yara. Sunanta a Turance sikid sitiya, amma kusan ko'ina a duniya Bobcat ake ce mata, ko da kuwa wani kamfanin ne ya ƙera ta. Kamar dai yadda kowane garin wanki a wajenmu Omo ne.

Irin waɗannan injinan suna shigowa tokumbo, wasu da rai wasu a mace. Wata rana za a iya nuna maka ɗaya a bayan gareji, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, a ce maka "ai ƙaramin gyara ne, batir kawai take so." A nan ne mutum yake samun riba mai tsoka, a nan ne kuma yake binne jarinsa. Abin da ke raba biyun shi ne sanin injin ɗin, kuma hanya mafi sauƙi ta saninsa ita ce ka san tarihinsa, domin kowane zamani da irin cikin da aka yi masa da kuma irin cutar da ke kama shi.

MATSALAR MAI KIWON TALOTALO

Labarin ya fara ne a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Rothsay a jihar Minesota ta Amurka. Akwai wasu 'yan uwa biyu, Louis Keller da yayansa Cyril Keller, masu shagon ƙira da walda. Aikinsu gyaran garma da kayan noma na manoman yankin. Ba injiniyoyi ba ne, karatunsu na boko bai wuce aji takwas ba. Dukansu sun yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, suka dawo suka kama sana'a.

A shekarar 1956 wani manomi mai kiwon talotalo, Eddie Velo, ya kawo musu kuka. Ɗakunan kiwonsa bene ne, kuma cike suke da ginshiƙai. Tarakta ba ta iya kewaya ginshiƙan, sannan ta yi wa saman bene nauyi. Saboda haka kwashe kashin talotalo sai da hannu, da shebur da baro. Duk wanda ya taɓa share ɗakin kaji dubu ya san wahalar da ake magana a kai. Abin da yake so shi ne inji mara nauyi, wanda zai iya juyawa a ɗan ƙaramin fili.

A farkon 1957 suka miƙa masa abin da suka haɗa. Taya uku gare shi: biyu a gaba masu ja, ɗaya a baya mai juyawa ta ko'ina irin ta kujerar ofis. Injinsa ɗan ƙarami ne da ake tayarwa da igiya kamar janareto, ƙarfinsa bai kai doki 7 ba. Yawancin kayan daga bola suka tsinto su, har ma haƙoran cokalin kwasar kashin da sandunan ƙarfen tsohon gidan yarin garin aka yi su.

Babbar dabarar ita ce babu sitiyari. Sanduna biyu ne a hannun direba, ta dama tana sarrafa tayar dama, ta hagu tana sarrafa ta hagu. Ka tura duka biyu gaba, inji ya tafi gaba. Ka ja su baya, ya koma baya. Ka tura ɗaya gaba ka ja ɗaya baya, ya juya a inda yake tsaye. Da farko da bel suka haɗa shi, amma bel ɗin yana yawan zamewa, sai suka ƙirƙiro tsarin kuloci, wanda daga baya suka yi wa rajistar mallaka. Ka riƙe wannan maganar ta kuloci, za mu dawo kanta.

DAGA TAYA UKU ZUWA HUƊU

'Yan uwan sun ƙera wasu 'yan ƙalilan sun sayar wa masu kiwo, amma shagonsu ba zai iya da yawan masu nema ba. A jihar Dakota ta Arewa kuma, a garin Gwinner, akwai kamfanin Melroe mai ƙera kayan noma, wanda E. G. Melroe ya kafa a 1947, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙewa bayan rasuwarsa. Kamfanin ya gayyaci su Keller su nuna injinsu a rumfarsa a bikin baje kolin jihar Minesota na 1958. Jama'a suka yi dafifi a kansa. Nan Melroe ya sayi haƙƙin ƙera shi, ya kuma ɗauki 'yan uwan biyu aiki domin su ci gaba da inganta shi.

Daga nan aka fitar da M60, sai M200 a 1959, duka masu taya uku. Matsalar tayar baya ita ce a kan siminti lafiya lau take, amma da an shiga laka ko ƙasa mai laushi sai ta nutse. A 1960 aka cire ta, aka sa taya biyu a baya, aka haɗa tayoyin kowane gefe da sarƙa domin duka huɗun su riƙa ja. Wannan shi ne M400, kuma shi ne sikid sitiya na farko a duniya.

To daga ina sunan ya fito? Ka lura, tayoyin nan huɗu ba sa karkata kamar na mota, a miƙe suke ɗaure. Idan gefe ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, dole tayoyin su goge ƙasa su zame kafin inji ya juya. Wannan zamewar ita ce ma'anar sunan, wato tuƙi ta hanyar zamewa.

Sai dai M400 bai yi kasuwa ba. Nauyinsa ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, don haka duk tayoyin huɗu suna riƙe ƙasa da ƙarfi ɗaya, juyawa ta zama wahala. Gyaran da aka yi a M440 na shekarar 1962 shi ne ya ceci sana'ar: aka mayar da kashi 70 cikin ɗari na nauyin baya, kashi 30 a gaba. Idan bokiti babu kaya, tayoyin gaba ne ke zamewa cikin sauƙi. Idan an cika shi, nauyi ya dawo gaba, na baya su zame. M440 yana ɗaukar kusan kilo 500, wato buhun siminti goma. Shi ne kuma aka fara liƙa wa suna Bobcat, sunan wata kyanwar daji ta Arewacin Amurka da aka sani da zafin nama da taurin kai.

SHEKARAR 1970: SAUYI BIYU

A 1969 kamfanin Clark Equipment ya sayi Melroe. Shi ya sa idan ka duba farantin lamba na tsofaffin injinan za ka ga an rubuta Clark ko Melroe, kar ka ɗauka jabu ne.

A 1970 aka yi sauyi biyu da har yau ake cin moriyarsu. Na farko shi ne maƙalar gaba da suka kira Bob-Tach. A da cire bokiti aiki ne na guduma da sifana. Da wannan maƙala direba zai ɗaga hannaye biyu na ƙarfe, ya ajiye bokiti, ya ɗauki cokalin ɗaukar kaya, ko na'urar haƙa rami, ko gudumar fasa kankare, cikin 'yan mintuna. Daga baya yawancin kamfanoni suka bi wannan fasalin, shi ya sa bokitin wani kamfani yake shiga injin wani.

Na biyu shi ne samfurin M970, na farko a gidan da ya bar kuloci ya koma tafiya da matsin mai, wato haidirolik. Ga yadda yake aiki a taƙaice. Inji yana juya fanfuna biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Kowane fanfo yana tura mai zuwa motarsa ta haidirolik, ita kuma ta juya sarƙoƙin da ke jan tayoyi biyu na gefenta. Sandar da ke hannunka tana karkata wani faranti ne a cikin fanfon. Ka karkata shi kaɗan, mai kaɗan ya wuce, inji ya tafi a hankali. Ka karkata shi ɗaya ɓangaren, mai ya juya hanya, taya ta koma baya. Idan faranti yana tsakiya, babu man da ke wucewa, inji ya tsaya. Akwai kuma wani fanfon na daban da ke ɗaga hannu da karkata bokiti.

Masu kuloci ba su ɓace nan take ba. Samfurin 610, mai injin fetur na Wisconsin mai silinda huɗu da iska ke sanyayawa, an ci gaba da ƙera shi har farkon shekarun 1980. A 1981 kuma aka fito da 743 mai injin dizal na Kubota, wanda ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi farin jini a tarihin kamfanin, kuma har yau masu gyaran tsofaffi suna nemansa saboda babu kwamfuta a cikinsa.

Sauran kamfanoni ma ba su zauna ba. Case ya shigo da nasa mai suna Uni-Loader a 1969. New Holland ya fito da mai hannun da ke ɗaga kaya a miƙe sama a farkon shekarun 1970. Takeuchi na Japan ya yi mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya a 1986. JCB na Ingila ya fito da mai hannu ɗaya a 1993, wanda ake shiga ta ƙofar gefe ba sai an tsallaka bokiti ba. Caterpillar bai shigo ba sai 1999.

Shi kuwa Bobcat ya ci gaba da sauya iyayen gida. Ingersoll-Rand ya sayi Clark a 1995, sai Doosan na Koriya ta Kudu ya saye shi tare da wasu sassa a 2007 a kan dala biliyan 4.9. A 2014 kamfanin ya ƙera feloda ta miliyan ɗaya. A 2022 ya nuna T7X mai aiki da batir zalla, wadda ko man haidirolik babu a cikinta. Louis Keller ya rasu a 2010, Cyril ya rasu a 2020, kuma a 2023 aka sa sunayensu a zauren karrama masu ƙirƙira na ƙasar Amurka.

KAFIN KA TAƁA SIFANA, GANO ZAMANINTA

Yanzu mu dawo kan waccan da ke kwance a bayan gareji. Aikin farko da wayarka za ka yi shi. Nemi farantin lamba a jikin firam, ka goge shi, ka ɗauki hotonsa. Ka ɗauki na lambar da ke jikin injin shi ma, domin a shekara talatin ko arba'in ana iya sauya inji. Da waɗannan lambobin za ka nemo littafin gyara a intanet, da su kuma za ka yi odar kaya. Samfuri ɗaya yana iya samun fanfo iri biyu gwargwadon lambar, don haka sunan samfuri kaɗai bai isa ba.

Za ka same ta a ɗaya daga cikin zamani uku.

Zamanin kuloci, daga M440 har zuwa 610. Cikinsu bel ne da kuloci da sarƙa. Kowane bakanike mai haƙuri zai gane su, amma sun tsufa sosai, yawanci fetur suke sha, kuma kayan kariya na direba kaɗan ne.

Zamanin haidirolik mara kwamfuta, irin su 743 da 'yan uwanta. A wannan jerin lambar ƙarshe tana faɗa maka irin injin: 741 dizal ne mai sanyaya da iska, 742 fetur mai lagireto, 743 dizal mai lagireto. Waɗannan su suka fi dacewa da mai son gyara da kansa.

Zamanin lantarki, daga shekarun 1990 zuwa yau. A nan aka shigo da na'urorin da ke kulle hannu da tafiya idan direba bai zauna daidai ba, daga baya kwamfuta ta karɓe sarrafa injin kanta. Sau da yawa irin waɗannan ba mutuwa suka yi ba, wata waya ce ko wata na'urar ji ta lalace. Sai dai gano ta yana buƙatar rewaya da ya san aikin, kuma sababbin ciki ba sa jure gurɓataccen gas.

Tambaya ɗaya ka yi wa mai ita: me ya sa aka ajiye ta? Wadda aka ajiye saboda aiki ya ƙare daban take da wadda aka ajiye saboda ta daina tafiya. Ka saurari amsar, amma ka yarda da abin da idonka ya gani.

MATAKAN TAYAR DA INJIN

Kar ka yi gaggawar ɗaura batir ka murɗa makulli. Injin da ya shekara biyar a kwance, idan akwai ruwa a silinda ka buga masa kik, kana iya lanƙwasa sandar fistin, ƙaramin gyara ya koma babba.

1. Ɗauki hotuna ta kowane ɓangare kafin ka cire komai. Kowace waya da kowane tiyo da ka cire, ka liƙa masa salatif ka rubuta lamba.

2. Share cikinta. Ƙasan injin yana tara ƙasa, ciyawa da mai, ga sheƙar ɓeraye. Wannan tarkacen shi ke kama wuta. Ka duba wayoyin da ɓera ya ci, ka buɗe gidan filtar iska, nan ma suna kwana.

3. Zaro sandar gwajin baƙin mai. Idan man ya yi fari kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Ka duba lagireto ko akwai ruwa, kuma ko mai yana yawo a samansa.

4. Sa soket a kan notin fulin gaban inji ka juya da hannu, aƙalla zagaye biyu cikakku. Idan ya juya, ka tsallake babban rami. Idan ya ƙi, cire filogi, ko filogin ɗumi idan dizal ne, ka zuba man warware tsatsa a kowace silinda, ka bar shi kwanaki kana gwadawa gaba da baya a hankali. Ban da ƙara dogon bututu a yi ta dannawa. Wani lokacin ma ba injin ne ya kame ba, fanfon da ke maƙale da shi ne, don haka kafin a yanke wa inji hukunci a raba su a gwada.

5. Zubar da tsohon mai gaba ɗaya. Tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe kabireta. Tsohon gas yana tara ruwa da wani baƙin kumfa a ƙasan tanki. Wanke tanki, sauya filta, kuma a gwajin farko ya fi kyau ka ba shi mai daga jarka mai tsabta.

6. Idan dizal ne, fitar da iska daga layin mai. Kwance sukurun da ke kan filta ko fanfon nozul ka yi famfo har mai ya fito babu kumfa. Idan ya ƙi tashi, sassauta notin bututun da ke kan nozul kaɗan, a buga kik har mai ya ɓullo, sannan ka ɗaure.

7. Sauya baƙin mai da filtarsa. Goge kan batir da wayar da ke haɗe da jikin firam har ƙarfe ya yi haske. Da yawa daga cikin kik ɗin da ake cewa ya mutu, tsatsa ce kawai a kan waya.

Abu biyu game da dizal. Kar ka fesa masa feshin tayar da inji alhali filogin ɗumi yana aiki, yana iya fashewa a cikin bututun iska. Sannan ka cire tiyon iska ka ajiye faffaɗan katako a kusa. Dizal ɗin da fanfonsa ya maƙale yana iya tashi da gudu ya ƙi mutuwa ko ka kashe makulli, kuma maganinsa shi ne a toshe masa iska da katako. Ban da tafin hannu, ban da tsumma.

INDA KUƊIN YAKE: HAIDIROLIK DA SARƘA

Mutane da yawa da zarar inji ya tashi sai murna, a biya kuɗi. Alhali a irin wannan na'ura injin shi ne ɓangare mai sauƙi. Fanfunan tafiya da motocinsu su ne masu tsada, kuma ba kowane gari ake samun mai gyaransu ba.

Kafin tayarwar farko, ɗaga ta da jek ka ɗora firam ɗin a kan katakai masu kauri ko matsayan ƙarfe, tayoyi huɗu duka su bar ƙasa. Ban da bulon siminti, yana fashewa. Dalili shi ne wancan farantin na cikin fanfo. Idan sandunan sun yi tsatsa ko saitinsu ya goce, farantin ba zai koma tsakiya ba, kuma da inji ya tashi za ta zabura da kanta. Na'ura ce da ta haura tan biyu, bango ko mutum duk ɗaya ne a wajenta.

Duba man haidirolik, idan ya yi fari akwai ruwa. Cire filtarsa ka yanka ta ka shimfiɗa takardar a rana. Idan ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe ko jan ƙarfe, wani fanfo ko mota yana cin kansa, kuma garin ƙarfen ya zaga ko'ina. Wannan shi ne labari mafi muni da za ka samu. Irin man da za ka zuba kuma littafin samfurin ne zai faɗa maka, domin wasu tsofaffin baƙin mai na inji suke amfani da shi a matsayin haidirolik.

Buɗe murfin akwatin sarƙa. A cikin mai sarƙoƙin suke wanka, kuma injin da ya sha damina a waje sau da yawa ruwa ne ke taruwa a wurin. Duba ko sarƙa ta saki ko haƙoran sun cinye. Ka kama kowace taya ka girgiza, idan tana wasa boris ɗin ya tafi.

Bayan inji ya tashi, bar shi a ƙaramin totur. Tura sanda ɗaya a hankali, sannan ɗayar, ka ga ko gefen biyu suna juyawa daidai gaba da baya. Idan an sauke ta ƙasa, gwada ta bayan mai ya yi zafi, domin fanfon da ya gaji yana yin ƙarfi da sanyi, ya saki jiki da zafi. Ɗaga hannu ka tsaya ka gani ko yana saukowa da kansa. Idan yana sauka, robobin silinda ne ko bawul, wannan gyara ne mai sauƙi. Kuma kar a ja mai haidirolik da mota a kan titi don an ga ba ta tashi, hakan yana lalata motocin tafiya. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a bi hanyar da littafin ya nuna.

ABIN DA YA FI KUƊI

A wannan na'ura direba yana zaune ne a tsakanin hannaye biyu masu ɗaga kaya, kuma ta gaba yake shiga. Shi ya sa yawancin mummunan haɗarinta matsewa ne tsakanin hannu da firam. A tsofaffin Bobcat fedar hagu ce ke ɗaga hannu da sauke shi, ta dama tana karkata bokiti. Mutum ya taka feda yana shiga ko fita, ko ya cire tiyo yana ƙarƙashi, hannun zai faɗo ko da inji a kashe yake. Saboda haka kar ka taɓa shiga ƙarƙashin hannun da aka ɗaga sai an sa masa tokaren ƙarfe a jikin silinda. Sandar kariya da ke saukowa gaban direba da na'urorin kulle, asarar rayuka ce ta sa aka ƙirƙiro su. Idan ka tarar wani ya cire ko ya haɗe wayoyinsu, mayar da su yana cikin gyaran. Haka kejin, kar a yanke shi don a sha iska.

Matsin man haidirolik a irin na zamani ya kai kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. Idan tiyo ya yi ƙaramin huji, man yana iya huda fata ya shiga nama. Da kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take ko da raunin kamar tsinin allura ne, domin jinkiri yana jawo yanke yatsa ko hannu.

Ka kuma tuna rabon nauyin nan na 70 da 30. A kan gangare, ɓangaren da ya fi nauyi shi ke kallon sama: idan akwai kaya bokiti ya kalli tudu, idan babu kaya baya ya kalli tudu. A riƙa tafiya da bokiti a ƙasa-ƙasa. Nauyin da aka rubuta tana ɗauka rabin wanda zai kifar da ita ne, kar a wuce shi.

A SAYA KO A BARI?

Ka yi lissafi a takarda kafin ka biya: tayoyi huɗu, batir, tiyoyi, filtoci, mai, robobin silinda, ladan bakanike da kuɗin ɗauko ta. Idan inji yana juyawa da hannu, filta babu ƙarfe, firam da hannu babu tsagewa, to akwai alamar riba. Fil da bushi da suka cinye masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya yin sababbi, bokitin da ya huje kuma aikin mai walda ne, irin aikin da ake yi kullum a wurare kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Amma idan inji ya kame, ga garin ƙarfe a filta, ga kuma samfurin da kamfaninsa ya daina yin kayansa, to farashinta shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya a kan sikeli, kar ka ƙara ko sisi.

Idan an nuna maka irin wannan, ka tafi da fitila, da soket, da wuƙar yanka filta, da wayarka cike da caji. Ka ajiye wannan rubutun, ka kuma tura wa bakaniken da zai raka ka ya karanta kafin ku isa wurin.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.